Yadda ake ɗana tarkon farauta a wasan Dungeons & Dragons, da abin da yake iya kamawa

A majalisun samarinmu na Jidda da Makka inda ake buga Dungeons & Dragons daren Alhamis bayan Isha, wasan nan na tebur da kowa ke tafiyar da jaruminsa a cikin labari da jifar ƙwaya, da wuya ka ga takardar jarumi babu igiya da fitila da guzuri. Tarkon farauta kuwa, ko yana cikin kayan, haka zai kwana ya tashi ba a taɓa shi ba har labarin ya ƙare. Dalili shi ne mutane suna kallon raunin da yake yi, su ga 1d4 kawai, wato jifa ɗaya ta ƙwaya mai fuska huɗu, su ce bai kai wuƙa ba. Ba a nan amfaninsa yake ba. Aikin tarko shi ne ya tsare maƙiyi a gidan taswira da kai ka zaɓa masa, ya kuma cinye masa aikin zagaye ɗaya ko biyu. A faɗan da yawanci ba ya wuce zagaye uku ko huɗu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da dokar ta ce

A littafin 'yan wasa na bugu na biyar, wanda ya fito a 2014, kuɗin tarkon zinari 5 ne, nauyinsa laba 25, wato kilo 11 da ɗan ɗoriya. Zobe ne na ƙarfe mai haƙora irin na zarto, da faranti a tsakiya, da sarƙa mai kauri da ake ɗaurewa a jikin abin da ba ya motsi, kamar bishiya ko turken da aka kafa. Ɗana shi yana cin aiki guda na zagayenka.

Duk wanda ya taka farantin zai yi jifar tsira ta zafin nama, wato ya jefa ƙwaya mai fuska 20 ya haɗa da lambarsa, yana neman 13 ko sama. In ya samu, ya janye ƙafa kafin haƙoran su haɗu. In bai samu ba, ya sha raunin suka 1d4 kuma ya tsaya cak. Daga nan ba zai wuce tsawon sarƙar ba, ƙafa 3 a bisa al'ada, ƙasa da mita ɗaya. Kwancewa tana buƙatar aiki guda da jifar ƙarfi ta 13, ko shi da kansa ko wani da hannunsa ya kai gare shi. Duk jifar da ta faɗi, wanda ke cikin tarkon ya ƙara rasa makin rai 1.

Bugun 2024 bai taɓa kuɗi ko nauyi ko lambar 13 ba, amma ya gyara wuri biyu. Na farko, gudun wanda aka kama yana komawa sifili har farkon layinsa na gaba. Wannan ya rufe wata gardama: a tsohon bugu, dodo zai iya takawa, ya tsaya, ya yi amfani da aikinsa ya ɓalle, sai mai jan wasa, wanda yake tafiyar da labarin da dodanni, ya ce ai sauran tafiyarsa tana nan. A sabon bugu ko ya ɓalle, a nan zai ƙare zagayen. Na biyu, jifar kwancewa ta zama ta ƙwarewar motsa jiki, don haka wanda ya ƙware a wannan fanni yana ƙara lambar ƙwarewarsa. Shawararmu ita ce ko da tsohon littafi kuke wasa, ku ɗauki gyaran farko.

Ku lura da abin da dokar ba ta ce ba. Wanda tarko ya kama ba ya cikin halin ɗaurarre, ba ya cikin halin wanda aka cafke. Mai kai masa hari ba ya samun fifikon jifa biyu, wato ya jefa biyu ya ɗauki babba, shi ma harinsa bai ragu da komai ba. Yana sara, yana harbi, yana sihiri. Tafiya kaɗai aka hana shi. Yawancin rigimar da ake yi kan tarkon daga wannan wurin take fitowa.

Kafin ka saya, duba bayanka

Jarumi yana ɗaukar lambar ƙarfinsa sau 15 a laba. Mai ƙarfi 10 yana ɗaukar laba 150, tarko ɗaya ba zai dame shi ba. Amma in majalisarku tana bin dokar nauyi mai tsauri, inda wuce ƙarfi sau 5 yake rage gudu da ƙafa 10, to mai ƙarfi 10 yana da laba 50 kacal kafin ya fara jan ƙafa, tarko ya cinye rabi. Jakar baya kuma laba 30 take ci, saboda haka a waje ake rataye shi, wanda ya fi ma sauƙin saukewa. Mai son uku ko huɗu ya sayi jaki, zinari 8, yana ɗaukar laba 420. Raƙumi zinari 50 ne, laba 480 a littafin 2014.

Kada ka bar kasuwa babu guduma, zinari 1, da turakun ƙarfe, goma a zinari 1, da ƙararrawa, ita ma zinari 1. Wanda ya zaɓi asalin ɗan daji a littafin 2014 yana farawa da tarko ɗaya kyauta, sai dai ba a haɗa masa da turke ba.

Wa ya kamata ya taka

Lissafin ba shi da wuya. Cire abin da dodo yake ƙarawa daga 13, ka ga lambar da yake nema a ƙwaya mai fuska 20, kowace fuska kashi 5 cikin 100. Lambobin da ke tafe na littafin dodanni ne na 2014. Mai amfani da na 2025 ya sake dubawa, don an taɓa wasu.

Gawa mai tafiya, wato zombi, ita ce abincin tarko. Zafin namanta yana rage 2, sai ta jefa 15 ta tsira, ke nan kashi 70 cikin 100 za ta kamu. Ƙarfinta yana ƙara 1, kashi 45 ne kawai za ta ɓalle a kowane gwaji, kuma ba ta da abin jifa. Ku ja baya ƙafa 10 ku yi ta harbi.

Basamuden nan da littafi ya sa wa suna Ogre yana kamuwa kashi 65. Yana ɓallewa da sauƙi, kashi 60, domin ƙarfinsa yana ƙara 4, amma ku duba abin da kuka samu: kulkinsa yana cin makin rai 13 a tsaka-tsaki, wanda ya isa ya kwantar da jarumin mataki na ɗaya a bugu guda. Zagayen da ya ɓata yana fama da haƙoran ƙarfe, wannan bugun ne bai yi ba. Abin kiyayewa, yana da mashin jifa mai cin 11, don haka ku nemi abin fakewa, kada ku tsaya fili kuna murna.

Kyarkeci da kura suna da wata dabara ta garke: in ɗan uwansu yana kusa da wanda suke kai wa hari, suna samun jifa biyu su ɗauki babba. Tsare ɗaya a baya yana karya wannan. Kyarkeci yana kamuwa kashi 50, kura kashi 55.

Gobilin, ɗan ƙaramin dodon nan, yana kamuwa rabi da rabi, ya kuma sha wuyar fita, kashi 35 kawai, ga makin ransa 7, wanda 1d4 yake ci da yawa. Matsalarsa baka. Haka ɗan fashi da bakansa mai kunama, haka mutum-kura da dogon baka. Kama maharbi a wurin da yake hango ku bai rage muku komai ba, sai in tarkon yana bayan kwana ko bango.

Mai sihiri kuwa, ko rauni 1 ya samu, dole ya yi jifar riƙe hankali ta 10 in yana riƙe da wani sihiri. Cizon farko jifa ɗaya, kowane gwajin kwancewa da ya faɗi wata jifar. Amma mai sihirin da ya iya ɓacewa ya bayyana ƙafa 30 gaba zai bar muku tarkonku a rufe babu kowa ciki.

Ɗanawa

Fara da wuri, don shi ne kusan komai. Tarko ɗaya gida ɗaya yake tsarewa a taswira, ƙafa 5 kan 5. A buɗaɗɗen fili damar a taka shi kaɗan ce ƙwarai. Nemi inda ƙasa ta matse maƙiyi: bakin ƙofa, ƙasan tsani, kan gada, lungu mai faɗin gida ɗaya, ƙarƙashin taga. Lungu mai ƙafa 10 yana son tarko biyu gefe da gefe, ko tarko ɗaya da buhun ƙayar ƙarfe a ɗaya gidan. A littafin 2014, ƙayar zinari 1 ce, laba 2, jifarta 15, tana tsayar da mai tafiya ta rage masa gudu ƙafa 10. Wayayyen maƙiyi zai ga ƙaya a fili, ya kauce, ya faɗa gidan da aka rufe da ƙasa.

Sai ka auna nisa. Ka sa tarkon aƙalla gida biyu daga inda maharbanku za su tsaya. In yana manne da ku, wanda aka kama zai sare ku daga inda yake, ku kuma harbi daga ƙafa 5 yana jawo muku jifa biyu a ɗauki ƙarama. Mai dogon mashi ko bulala, wanda hannunsa ke kai ƙafa 10, shi ya fi kowa cin moriya: yana suka, ba a kai gare shi.

Na uku, ɗauri. Sarƙar ƙafa 3 ce, ke nan abin ɗaurin dole ya kasance a gidan ko a bakinsa. In akwai ginshiƙi ko saiwa ko zoben ƙofa, aiki ɗayan nan ya wadatar. In turke za a kafa, adalci shi ne ya ci wani aikin daban, kuma bugun guduma a kan dutse yana da ƙara. A kogon da ake sanɗa, wannan kaɗai ya isa ya tashi masu gadi. Naɗe kan turken da tsumma, ko ka nemi tsagar dutse. Masu jan wasanmu na nan suna son labarin sahara, to a rairayi turke ba ya riƙe komai. Ɗaure sarƙar a tsakiyar gungume ko buhun da aka cika da yashi, ka binne shi kwance, ka ba aikin minti goma.

Tarkon da ba a ɗaure ba, littafi bai yi maganarsa ba. Hukuncin da muka ga ya fi zama daidai: raunin yana nan, tsayawar zagayen farko tana nan, daga baya dodon ya ja shi da rabin gudu har ya kwance.

Na huɗu, ɓoyewa, kuma nan ne babban giɓin dokar. Babu lambar gano tarkon a rubuce. Zoben ƙarfe mai kilo 11 da aka ajiye a kan daɓe, duk mai ido ya gan shi. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce mai ɗanawa ya ɓata minti ɗaya zuwa goma yana rufewa da ganye ko ƙasa ko tabarma, ya yi jifar sanin daji, abin da ya samu ya zama lambar da za a gwada da lurar dodo ta zaune, wato lambar abin da yake ganowa ba tare da jifa ba. Zombi da Ogre lurarsu 8, gobilin 9, ɗan fashi 10, kura da kyarkeci 13. Kyarkeci yana da fifiko a ji da sansana, wanda ke ƙara 5, ya zama 18 in warin hannu ko na ƙarfe ne zai tona asiri. Shi ya sa mai jan wasa zai iya sāka wa ɗan wasan da ya ce ya shafe tarkon da toka ko ya kyafa shi da hayaƙi. Haske mara ƙarfi yana rage 5 daga lurar ido, kuma masu gani a duhu, duhun a matsayin haske mara ƙarfi suke ganinsa, su ma ragin ya hau kansu. Ana yawan manta wannan.

In babu lokaci, ƙaramin sihirin ruɗin ido yana yin siffar abu da bai wuce ƙafa 5 ba na minti ɗaya. Siffar tulin ciyawa ko shimfiɗa a kan tarkon ta isa zagaye goma.

Na ƙarshe, faɗa wa 'yan uwanka, ku sa alama a taswira. Ƙwallon dabino ko marfin kwalba ya isa. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere, kuma mai sihiri na mataki na ɗaya da makin rai 6 ko 7, in ya taka yana gudu da baya, ya bar kusan rabin ransa a wurin, ga wani jarumin zai bar faɗa ya zo kwance shi.

Abubuwan da za ku yanke kafin a zuba shayi

Akwai tambayoyi huɗu da ya kamata majalisa ta amsa tun ba a fara ba, domin amsa su a tsakiyar faɗa, kowa yana kare jaruminsa, shi ke kawo ɓacin rai.

Shin shiga gidan daidai yake da taka faranti? A ganinmu, in dodo bai ga tarkon ba, eh. Jifar tsira ta riga ta ɗauki nauyin sa'a, ƙara wata jifa a kanta kashe kayan ne. In ya gani, ya wuce da rabin gudu babu jifa, kamar yadda dokar ƙayar ƙarfe ta tanada, ko ya tsallake. Tsalle da gudun ƙafa 10 yana kai lambar ƙarfi a ƙafa, don haka kusan kowa yana iya tsallake gida ɗaya.

Shin turawa tana sa a taka? Littafi cewa ya yi wanda ya taka. Mu muna barin ta yi aiki, domin wanda aka hankaɗa da ƙafa yake tare kansa, kuma wannan ne yake buɗe wasan haɗin gwiwa: hankaɗa ta ƙafa 5, bulalar ƙaya ta bokan daji mai jawo ƙafa 10, tsawar da ke tura ƙafa 10, ko ƙaƙƙarfa ya cafke maƙiyi ya ja shi da rabin gudu har kan farantin. Tarkon da kowa ya gani ma ya zama makami ke nan.

Girman jiki fa? Doka ba ta sa iyaka ba, hankali ne zai sa. Ɓera da gizo-gizo ba su da nauyin danna faranti. Manyan da suka wuce girman Ogre, su sha raunin amma sarƙar ta tsinke. Mai tashi sama, fatalwa, da dodo mai narkewa marar ƙafa, babu ruwansu da shi.

Ta huɗu ta shafi mai jan wasa kansa. Shi ne yake motsa dodanni, kuma ya san inda tarkon yake. In lurar dodo ba ta kai ba, wajibi ne ya bi da shi hanya mafi kusa zuwa ga wanda yake nufi, ko da ta kan tarkon ce. Majalisar da take son cire zargi gaba ɗaya, ɗan wasa ya rubuta gidan a 'yar takarda ya ninke ya ajiye a tsakiya, in dodo ya shiga a buɗe. Wannan hanya tana da daɗi ƙwarai, har shi mai jan wasan yana shan mamaki.

A cikin faɗa, a zango, a daji

Ɗana tarko bayan faɗa ya kaure yawanci asara ce ga mayaƙi, don ya ba da harinsa kuma kowa ya ga inda ya sa. Banda jarumi ɓarawo na mataki na uku mai saurin hannu: shi yana ɗanawa da ƙaramin aikinsa, ya kai hari da babban. Ya ɗana a bakin ƙofa, ya yi harbi, ya ja baya. Hannun sihiri ba ya ɗaukar abin da ya wuce laba 10, kada a ɓata lokaci a kansa. Hadimin nan da ba a gani, mai ƙarfi 2, yana ɗaukar laba 30, ke nan zai iya kai tarkon inda ake so.

In an kama babban dodo, tulun mai na azurfa 1 shi ne abokin tarko. A zuba a gidan a kunna, yana ci zagaye 2, yana cin makin rai 5 ga wanda ya shiga ko ya ƙare layinsa a ciki. Wanda ke ɗaure da sarƙa ba shi da inda za shi.

A zango, dogon hutu awa 8 ne, akwai isasshen lokacin ɗanawa da rufewa. Rataya ƙararrawa a sarƙar, tarkon ya zama mai gadi da ba ya cin gurbin sihiri. Sa shi a hanyar da mai sanɗa zai bi, bayan tanti da wajen dabbobi, ba gaban wuta ba. Mai karɓar gadi a faɗa masa wurin kafin ya miƙe.

Wajen neman abinci, littafin mai jan wasa ya sa jifar sanin daji a 10 ko 15 ko 20 bisa yalwar ƙasar, a samu laba 1d6 da ƙarin hikima, mutum kuma laba ɗaya yake ci a rana. Bai haɗa wannan da tarko ba. Ba da fifikon jifa biyu ga wanda ya kwana da tarko a bakin ruwa ko turbar dabbobi hukunci ne mai kyau, ba ya ɓata komai.

Mai son kama mutum da rai ya yi hattara. Talaka a littafin dodanni makin ransa 4 ne, ke nan sau ɗaya cikin huɗu cizon farko zai kai shi ƙasa, in kuma ya yi ta fizga, kowane gwaji yana ƙara 1. Naɗe haƙoran da fata ko tsumma, mai jan wasa ya mayar da raunin 1 ko ya ɗauke shi. Kuma tarko ba ya tantance ƙafa: wanda aka bari a hanyar rijiya zai kama makiyayi ko akuyarsa, mai jan wasa yana da cikakken haƙƙi ya sa dagacin garin ya aiko a kira ku.

In kai ne mai jan wasa

Tarkon nan ya dace da jarumai daga mataki na ɗaya zuwa na uku ko huɗu. Ka ba su alama kafin su taka: ƙasa da aka tona sabuwa, ƙashin dabba da karyayyar ƙafa, sarƙa da ta leƙo daga gindin bishiya. Tarko shi kaɗai a lungu babu maƙiyi kusa, rage makin rai ne kawai da ɓata lokaci, domin za su yi ta jifa har ya buɗe. Haɗa shi da maharba biyu a kan tudu, ko ruwa mai tasowa, ko garken kuraye da ake jin kukansu yana matsowa, sai kwancewar ta zama shawara mai nauyi: wa zai bar harinsa ya je ya taimaka.

Lambar 13 ba ta girma da mataki, saboda haka daga mataki na biyar zuwa sama tasirinsa yana raguwa a kan masu zafin nama, ko da yake manyan dodanni masu nauyin jiki suna ci gaba da faɗawa. In ɗan wasa ya ƙware a kayan ƙira kuma yana son tarkonsa, bar shi ya kashe zinari da kwanaki a maƙera ya ɗaga lambar zuwa 14 ko 15, ko ya ƙara tsawon sarƙa. Kada ka wuce 15, kada kuma ka ƙara masa halin ɗaurarre, don a nan kayan zinari 5 zai fara yin aikin da aka ware wa sihiri. Tarkon da sarƙarsa ta tsinke, ƙaramin sihirin gyara yana haɗa ta cikin minti ɗaya, muddin tsinkewar ba ta wuce ƙafa ɗaya ba.